Kafin ka sayi gadon wani a hostel

Shekaranjiya bayan magariba ɗan yayata ya kira ni, wanga da ya samu admishan bana a wata makaranta nan Sakkwato, wai kawu don Allah a taimaka mai da kuɗi zai kama gado a hostel. Na ce to ba tare da rajista kunka biya ba? Ya ce a'a, fotal ɗin ya rufe tun kafin ya kai ga dannawa, amma ya samu wani ɗan aji huɗu da zai sayar mai da nashi, shi ɗan gari ne gidansu na Mabera, daga gida yake zuwa. Kuɗin da ya faɗa min sun kusa ninka na makaranta sau uku. Na ce rasit fa? Ya ce rasit da sunan mai gadon zai zauna, shi makulli kawai za a bashi, kuma ai kowa haka yake yi kawu.

Ban musa mai ba, don mu ma lokacin da munka yi karatu haka ake yi, kuma na san dalili. Gadaje ba su kai yawan ɗalibai ba, wannan kusan duk jami'o'in gwamnati ne a ƙasar nan. Duk wanda ya san mazaunin dindindin na jami'ar Usmanu Danfodiyo ya san nisan shi da gari, sai ka wuce Kwalkwalawa kafin ka kai, ga lacca ƙarfe takwas na safe, ga layin mota, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, waɗanda sunka ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar ma sun fi kowa sanin darajar kwana cikin makaranta. To yaro na ganin gado ko nawa ne zai biya. Matsalar ita ce abin da yake zaton ya saya ba shi ya saya ba.

Bari in fara da banbancin da yawancin ɗalibai ba su sani ba. In ka kama hayar ɗaki a Gawon Nama ko Runjin Sambo kai ɗan haya ne, ɗakin ya koma hannunka kai kaɗai har wa'adi ya cika, ko mai gidan bai da ikon faɗo ma ɗaki yadda ya ga dama, in yana son ka tashi sai ya baka notis, a dokokin haya na yawancin jihohi wata ɗaya ga mai biya wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara, sannan wani notis ɗin na kwana bakwai, sannan kotu. Gadon hostel bai shiga wannan layin ba. Abin da makaranta ta baka izini ne na kwana, lauyoyi na ce mai lasin, ba kai ka zaɓi ɗakin ba, ba kai ka zaɓi abokan kwana ba, ana iya ɗauke ka daga wannan bulok a kai ka wancan, hutu na zuwa a ce kowa ya kwashe kayanshi, in anka rufe makaranta don yajin aiki ko tarzoma a baku awanni ku fita. Ɗan haya na gaskiya ba a mai haka. Izinin kuma ga mutum guda anka bada shi, mai wannan sunan da wannan lambar, don shi ɗalibi ne mai rajista a wannan zangon. Ba kadara bace da zai sayar ko ya bada haya ko ya bar ma ƙanenshi in ya gama.

Abin da ya burge ni, malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tsefe wagga mas'ala. Imam Alƙarafi, malamin Misira da ya rasu 1285, a littafinshi Alfuruƙ ya raba tsakanin mallakar amfani da mallakar amfanuwa. Na farko irin haya ne, kana iya zama da kanka kana iya sa wani. Na biyu kai kaɗai anka yarje ma ka mora, kuma misalin da ya kawo shi ne ɗakunan kwanan ɗalibai a makarantun waƙafi, ya ce wanda anka ba ɗakin ya zauna da kanshi, amma ya bada shi haya ko ya karɓi wani abu a kanshi wannan bai halatta ba. Sai dai ya yi sassauci ga saukar da baƙo na ɗan lokaci kaɗan, don al'ada ta gudana a kan haka. Kun ga sama da shekara 700 ke nan anka banbance baƙon kwana biyu da sikwata, wato mai raɓewa a ɗakin da ba sunanshi, mai zangon karatu guda. Na faɗa ma yaron wannan ya yi shiru, don shi ɗan islamiyya ne, da na ce doka ta hana ko a jikinshi.

To mi ke faruwa in anka kama? Kowace makaranta da nata littafin ƙa'idojin ɗalibai, wanda ake rabawa lokacin rajista ko a ɗora a intanet, yara na amsa su jefa ƙasan akwati. Hukunci na banbanta daga makaranta zuwa makaranta shi yasa kowa ya duba nashi, amma tsarin kusan ɗaya ne, mai sayarwa da mai saye duka masu laifi ne, mafi sauƙi a ƙwace gadon kuma kuɗi sun tafi, daga nan a hana mutum hostel a gaba, abin na iya kaiwa gaban kwamitin ladabtarwa. Kai mai saye ka tsaya ka yi tunani, ranar da mai gadon ya canza shawara ya dawo da katifarshi wa zaka kai ma ƙara? Fota, mai kula da hostel, zai buɗe littafi ya ga sunan wani. In ka tafi ofishin harkokin ɗalibai kai ka kai kanka. Wani ma mutum biyu ko uku zai sayar ma gado ɗaya ya kashe waya, wannan kam ya fita daga ƙa'idar makaranta ya koma damfara, maganar ƴan sanda ce, amma kafin kuɗin su dawo zango ya yi nisa.

Mai sayarwa kuma shi ne ke ganin ya ci riba alhali shi ya fi shiga haɗari. Sunanka ne a ɗakin. In hita ko risho ya tada gobara, in anka fasa loka, in sikiriti sunka zo bincike sunka samu ƙwaya ko wuƙa ƙarƙashin wannan katifar, kai za a fara kira, kana gida Mabera kana shan fura. Sai ka tsaya gaban kwamiti kana bayanin cewa ai ba kai ke kwana wurin ba ka sayar, wato ka wanke kanka daga laifi guda da amsa wani.

Akwai shari'ar da ta dace da nan. Wani ɗalibi mai suna Esiaga a jami'ar Kalaba anka samu kaya masu alaƙa da ƙungiyar asiri a ɗakinshi na hostel, makaranta ta dakatar da shi kafin a gama bincike, ya tafi kotu yana cewa ba a saurare shi ba. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 2004 ta ce jami'a na da ikon dakatar da ɗalibi na wucin gadi yayin da ake bincike don kare sauran ɗalibai, wannan ba kora bace. Ku lura tun kafin a tabbatar da komai an riga an ajiye shi gefe, karatu ya tsaya. Kuma sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya bada ƴancin addini da tunani, a ƙarshenshi ya fito fili ya ce wannan ƴancin bai ba kowa damar shiga ƙungiyar asiri ba.

Binciken ɗaki ma yara na yawan kawo min sashe na 37 mai maganar sirrin mutum da gidanshi. Sashen na nan ba wanda ya goge shi, kuma ni a ganina ba daidai bane a watsa ma ɗalibi akwati ba shi wurin ba shaida, musamman ɓangaren mata. Amma ka tuna ka sa hannu a takardar karɓar gado, kuma galibi a cikinta akwai yarda jami'an hostel su shiga duba ɗaki. Abin da zaka iya tsayawa a kai shi ne a yi a gabanka ko gaban shugaban bulok, a rubuta abin da anka ɗauka.

Sai ɗayan ɓangaren, don kar a ɗauka makaranta na iya yin duk abin da ta so. Dokokin da sunka kafa jami'o'in tarayya kusan lafazi ɗaya ne a babin ladabtar da ɗalibai. In shugaban jami'a ya ga ɗalibi ya aikata rashin ɗa'a yana da matakai huɗu, ya hana shi amfani da wasu kayan makaranta ko shiga wasu harkoki na wani lokaci, nan ne fitarwa daga hostel ke shiga, ko ya taƙaita mai harkokinshi, ko ya dakatar da shi na wani wa'adi, ko ya kore shi baki ɗaya. A biyun ƙarshe doka ta ba ɗalibi damar ɗaukaka ƙara zuwa majalisar gudanarwar jami'a, wato kansil, cikin wa'adin da anka ƙayyade. Sai dai hukuncin na ci gaba da aiki har kansil ta yanke, ba wai kana miƙa takarda ka koma aji ba. Da yawa ba su san da wagga ƙofa ba, sai su ɓata watanni suna bin gidajen manya a sa musu baki wa'adin ya wuce.

Duk wannan ikon akwai linzami a kanshi, sashe na 36 na tsarin mulki, ƴancin a saurari mutum. Shari'ar da kowane ɗalibin lauya a ƙasar nan ya haddace ita ce ta Garba da jami'ar Maiduguri. A watan Fabrairun 1983 anka yi tarzoma a jami'ar, anka yi ƙone-ƙone da wawashe kaya, makaranta ta kafa kwamitin bincike ta kori ɗalibai da dama. Sunka tafi kotu, marigayi Gani Fawehinmi ya tsaya musu, babbar kotu ta basu gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta juya, Kotun Ƙoli a 1986 ta soke korar. Dalili biyu. Na farko mataimakin shugaban jami'a da ya jagoranci kwamitin yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, mai ƙara ba ya zama alƙali. Na biyu abubuwan da anka tuhume su irin ƙone-ƙone da sata manyan laifuka ne da kotu kaɗai ke da hurumin cewa mutum ya aikata. Lokacin sashe na 33 ne na tsarin mulkin 1979, yanzu shi ne ya koma 36.

A aikace ma'anar wannan ita ce in anka kira ka kwamiti kan maganar hostel, kana da haƙƙin sanin takamaiman abin da ake tuhumarka, a baka lokacin shiryawa, ka faɗi naka, ka ji abin da shaidu sunka faɗa a kanka, kuma wanda kunka yi rigimar da shi kar ya zauna cikin masu yanke hukunci. Ka nemi komai a rubuce, ka ajiye kwafi, kar ka sa hannu a takardar da baka karanta ba don wani ya daka ma tsawa. Kar kuma ka ƙi zuwa don fushi, wanda anka ba dama ya ƙi halarta ba zai dawo ya ce ba a saurare shi ba. In abin ya kai ga kotu a yi hanzari a ga lauya, akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku, lauyoyin hukumomi da ita suke fara tare hanya. Amma in faɗa maka gaskiya, shari'ar Garba ba zata ceci wanda anka kama kan gadon da ba sunanshi ba, wannan karya ƙa'idar gida ce tsantsa, kwamitin makaranta na da cikakken iko a kanta, abin da kawai zaka samu shi ne a ji ta bakinka kafin a fitar da kai.

Maganar sikwatin ita ta fi min wuya, don ban iya zagin ta da zuciya ɗaya. Ni kaina wani ɗan Illela ya kwana ƙasan gadona zango guda cur, ba shi da ko sisin haya, yau malamin makaranta ne. Ɗakin mutum huɗu mu tara a ciki, da zafi ya tsananta kowa ya ja tabarma waje. Ita ma ƙa'ida ta hana, kuma dalilinta ba na banza bane, banɗaki da famfo da wayar wuta duk an yi su ne da lissafin adadin mutane, ga sanƙarau da ke son cunkoso lokacin zafi, ga ɓarawo da ke sajewa cikin baƙin fuska. Banbancinta da saye shi ne ba kuɗi a tsakani, amma ranar bincike mai gadon ne zai amsa, don haka wanda zaka sauke ka san shi ka san gidansu.

Yaron dai ban tura mai kuɗin ba. Na ce ya kama hannun ɗan aji huɗun su tafi ofishin harkokin ɗalibai tare, mai gadon ya rubuta cewa ya sauka daga gadon, su roƙa a maida sunan, in tsarin makarantar ya yarda. Jiya ya kira ya ce mutumin ya ce shi ba inda za shi, akwai wani da ya ƙara dubu biyar a kai. Yanzu su uku ke neman ɗaki a ƙauyen da ke bayan makarantar, na ce duk wanda sunka samu mai gida ya rubuta musu takarda da sunayensu duka ukun, kuma su duba ko akwai rijiya kusa kafin su biya.