Tambayoyin da ake yawan yi mini kan tsaron gida da kayan da aka janye daga kasuwa

Waɗannan tambayoyi sun sha zuwa mini, wasunsu daga bakin mutanen da na riga na ba su amsa, don haka na tattara su wuri guda domin kada wani ya ce bai ji ba.

Zan iya kunna janareta a cikin gida idan na buɗe taga?

A'a. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari, tana kuma kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. A ajiye shi a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Idan mutanen gida suka kamu da ciwon kai da jiri a lokaci guda, a fita waje tukuna, bincike ya biyo baya.

Mai ya kama da wuta a tukunya, in watsa masa ruwa?

Kada ku kuskura. Ruwa yana tarwatsa man ne ya yaɗa wutar. A kashe murhu, a rufe tukunyar da murfi, a ƙyale ta ta huce.

Me ake nufi da janye kaya daga kasuwa?

Kamfani ko hukuma ce ke sanar da cewa an gano lahani a wani kaya, a daina amfani da shi, a mayar don gyara ko canji ko karɓar kuɗi. Haka aka yi da wayar Galaxy Note 7 a 2016 saboda batirinta yana kamawa da wuta, haka kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a watan Oktoban 2022 kan wasu magungunan tari guda 4 da aka danganta da mutuwar yara a Gambiya.

An janye irin kayana, amma nawa lafiya lau yake aiki, na hannu na saya, kuma ba ni da rasit. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Da farko ina roƙon a daina kafa hujja da cewa kayan yana aiki lafiya, domin yawancin kayan da ake janyewa lafiya suke aiki har zuwa ranar da za su yi ɓarna. Kujerar kwantar da jarirai ta kamfanin Fisher-Price da aka janye a Amurka a 2019, guda kusan miliyan 4.7, ta shekara goma ana sayar da ita, iyaye da yawa suna yabonta, alhali an danganta ta da mutuwar jarirai fiye da 30 kafin a janye ta.

Na biyu, sau da yawa rukuni ɗaya, wato kayan da aka ƙera a lokaci guda, ake janyewa, ba dukan samfurin ba, saboda haka a duba lambar rukuni ko lambar kayan da ke jikin kwali ko ƙarƙashinsa, a gwada da wadda ke cikin sanarwar. Idan lambar ta goge, ra'ayina shi ne a ɗauka yana cikin waɗanda aka janye, musamman idan abin ya shafi jariri ko lantarki ko abin da ake sha. Rashin rasit ba lallai ya hana a karɓa ba, domin kamfanoni da dama lambar kayan suke nema, sai dai dokokin ƙasashe sun bambanta, kuma mai yiwuwa a rasa kuɗin gaba ɗaya. Ko da an rasa, kada a sayar wa wani, kada kuma a bayar kyauta. Wanda ya yi haka ya kai haɗarin gidan da bai san da shi ba ne.

Akwai togaciya guda wadda nake so a riƙe da kyau, wato maganin da likita ya ɗora mutum a kai. Lokacin da aka janye wasu rukunan maganin hawan jini na valsartan a 2018, shawarar hukumomin magunguna ita ce marasa lafiya su ci gaba da sha har likita ko mai harhaɗa magunguna ya ba su madadi, domin dainawa farat ɗaya na iya fin gurɓatar da aka gano haɗari. A irin wannan hali a nemi likita a ranar, kada a yanke hukunci a gida.

Yaro ya ƙone, me zan shafa masa?

Kada a shafa masa komai. A sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana kwarara na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da mai, ban da man goge haƙori, wanda har yau ban daina ganin ana shafawa ba, kuma abin yana ɓata mini rai.

Yaro ya sha kananzir, in sa shi amai?

A'a. Amai na iya kai shi cikin huhu. A tafi asibiti da shi tare da kwalbar, a kuma daina zuba irin waɗannan abubuwa a robar ruwan sha.

Yaro ya haɗiye ƙaramin batir mai kama da maɓalli, amma wasansa kawai yake yi.

Wasansa kada ya yaudare ku. Batirin na iya ƙona hanyar abinci cikin awa 2 idan ya maƙale. Asibiti yanzu, ba gobe ba.

Ba ni da halin haɗa jakar gaggawa irin ta masu hali.

Ku kwantar da hankalinku, ba a buƙatar abu mai tsada. Ruwa kusan lita 4 ga kowane mutum a rana na kwana 3, tocila, kayan agajin farko, magungunan da ake sha kullum, da kwafin muhimman takardu a cikin leda. A rubuta lambobin gaggawa a takarda, kuma a nuna wa kowane yaro wurin da za a haɗu a waje idan gobara ta tashi.