Maganin Kwantar da Mafitsara Ba Na Kowa Ba Ne

Akwai wani dattijo da har yau ban manta da shi ba. 'Ya'yansa suka kawo shi asibitinmu da daddare, ya dafe mara da hannu biyu yana nishi, gumi ya jiƙa masa riga. Tun safe ko ɗigon fitsari bai yi ba. Na taɓa marar, na ji ta kumbura ta yi tauri. Na ce, "Baba, wane magani ka sha?" Sai ya zaro katin ƙwaya daga aljihu. Abokinsa ne ya ba shi, don ya ji yana kukan yawan tashi fitsari cikin dare. Sai da muka sa masa robar fitsari kafin ya samu sa'ida.

Maganin ba na banza ba ne, wurin da aka kai shi ne ba nasa ba.

Mafitsara jaka ce ta tsoka, ta babban mutum tana ɗaukar fitsari kimanin rabin lita. Idan ta cika sai ta matse ta fitar. Amma wani lokacin takan riƙa matsewa tun ba ta cika ba: mara ta murɗa, fitsari ya matso ba shiri, wani ma kafin ya kai bayi ya kufce masa. Magunguna irin su flavoxate, wanda ake sayarwa da sunan Urispas, da kuma oxybutynin, aikinsu sassauta wannan tsokar ne ta lafa. Flavoxate akan rubuta wa babba miligiram 100 zuwa 200, sau 3 ko 4 a rana, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba.

To shi Baba, furostet ɗinsa ne ya kumbura, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya matse hanyar fitsari. Da ƙyar mafitsarar ke tura fitsarin, sai ga magani ya zo ya ƙara kashe mata ƙarfi. Shi ya sa duk namijin da fitsarinsa ke fita siriri, ko sai ya yi yunƙuri, kada ya kusanci waɗannan magunguna sai likita ya duba shi. Haka mai toshewar hanji, da mai zubar jini a ciki. Mai hawan jinin ido kuma ya faɗa tun kafin a rubuta masa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zafin fitsari. Wannan magani ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Raɗaɗin zai yi sauƙi, mutum ya ɗauka ya warke, alhali cutar na iya haurawa ƙoda. In akwai zazzaɓi, ko ciwon kwiɓi, ko jini a fitsari, a je a yi gwajin fitsari ranar.

Wanda aka rubuta wa kuwa zai iya jin bushewar baki, jiri, gyangyaɗi, ko gani dishi-dishi, don haka ya dakata da tuƙi har ya ga yadda jikinsa ya karɓa. Oxybutynin yana rage gumi, sai a kula a lokacin zafi. Mai ciki da mai shayarwa su sanar da likita. Tsofaffi kuma a sa musu ido: idan kuka ga Baba ko Inna sun fara ruɗewa ko sambatu bayan fara shan maganin, ko fitsari ya tsaya, ku dakatar da shi ku kawo su asibiti, ku taho da kwalin a hannu.