Dokar Turai kan ƙwayoyin da ke cikin madarar shanu

Mutane da dama in suka ji wai ana ƙirga ƙwayoyi a madara sai su ɗauka ƙwayoyin cuta ake nufi. A'a, wancan gwajin daban ne. Wannan ƙwayoyin jikin saniyar ne da kanta, yawancinsu fararen ƙwayoyin jini, in ciwon hantsa ya kama ta sai jiki ya turo su da yawa su yaƙi cutar, su sauko cikin madara. Kenan lambar tana gaya maka lafiyar hantsa ne, kuma in ta hau madara na raguwa, cuku ma ba ya yin auki.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 853/2004 ta ce ɗanyar madarar shanu kar ta wuce ƙwaya 400,000 a mililita ɗaya. Amma fa ba da gwaji ɗaya ake yanke wa makiyayi hukunci ba, ana ɗibar samfur aƙalla sau ɗaya a wata, a haɗa na wata uku a fitar da matsakaici, kuma irin lissafin da suke yi ba ya barin wata ɗaya da ya ɓaci ya rinjayi sauran. Ni dai a nan na ga adalcin dokar. In matsakaicin ya wuce dole a sanar da hukuma, a ba ka wata uku ka gyara, in ba ka gyara ba a daina karɓar madararka. Amurka ta fi sassauci, 750,000 ne iyakar da gwamnatin tarayyarta ta sa, sai dai mai son sayar wa Turai dole ya sauko 400,000.

To yaya ake ƙirgar? Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 13366 ce ta tsara. Hanyar asali ita ce a shafa mililita 0.01 a kan gilashi, a busar, a sa rini, mutum ya zauna gaban madubin likita yana ƙirga da ido, aiki ne mai cin rai. Manyan ɗakunan gwaji inji suke amfani da shi irin Fossomatic na kamfanin FOSS na Denmak, rinin yana kama DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin, ƙwayoyin su bi ta gaban haske, injin ya ƙirga ƙyallinsu, samfur ɗaruruwa a awa guda.

Shi kuwa gwajin ciwon hantsa da ake kira CMT (California Mastitis Test), wanda ake tatsa kowane kan nono a faranti mai gurbi huɗu a zuba ruwan magani a ga ko zai yi yauƙi, yana da amfani a ruga don gano saniyar da ke ɓata bokiti, amma ba ya ba da lambar da hukuma za ta yi aiki da ita.