Auna Isar Rigakafin Shaye-shaye ga Jama'a a Maraɗi

Auna isar rigakafin shaye-shaye lissafi ne da ake yi don sanin mutum nawa wani aikin faɗakarwa ko horarwa ya kai gare su, daga cikin waɗanda aka shirya aikin dominsu. A ofisoshin kiwon lafiya na Nijar ana kiran sakamakon da sunansa na Faransanci, taux de couverture, ana kuma faɗinsa kashi kaza cikin ɗari. Lamba biyu ake rabawa. Ta sama ita ce mutanen da aikin ya taɓa, ta ƙasa kuwa dukkan mutanen da ya kamata ya taɓa. A Maraɗi ta saman tana da saurin kumbura, ta ƙasan kuma wuyar samu gare ta.

Asalin ma'aunin

Daga fannin kiwon lafiyar jama'a aka aro shi. A 1978 wani masani mai suna Tanahashi ya fitar da tsari a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya nuna cewa isar aiki hawa-hawa ce: aikin ya samu, a iya zuwa inda yake, jama'a su yarda da shi, su zo, sannan ya amfane su. A kowane hawa wasu na zubewa. A 1999 Russell Glasgow da abokan aikinsa a Amurka suka kawo wani tsarin auna ayyukan lafiya mai suna RE-AIM, wanda ya ƙara tambayar da ta fi yawan lamba nauyi: waɗanda suka zo ɗin, sun yi kama da waɗanda ba su zo ba?

Masana sun kasa rigakafi gida uku, akwai na kowa da kowa, da na rukunin da ke cikin haɗari, da na mutumin da ya riga ya fara taɓawa. Kowanne da lambar ƙasansa. Muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 sun ambaci rigakafi da magani a muradi na 3.5, amma ma'aunai biyun da aka ɗora masa, ɗaya na masu samun magani ne, ɗayan na yawan giyar da ake sha. Babu wanda ke auna isar rigakafi, shi ya sa kowace ƙungiya ke ƙirga nata yadda ta ga dama.

Lambar ƙasa

Ƙidayar 2012 ta samu mutum 267,249 a birnin Maraɗi, da kimanin miliyan 3.4 a jahar, wadda ta zo ta biyu bayan Damagaram. Ƙidayar ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, ke nan suna ninkawa cikin shekara 18 ko kusa da haka. Wanda ya raba da lambar 2012 a yau zai ga aikinsa ya kai ga kaso mai tsoka, alhali tsohuwar lamba ce ta yi masa kara. Hasashen da cibiyar ƙididdiga ta INS ke fitarwa ya fi dacewa, ko da yake shi ma a matakin unguwa yana rauni. Sau da yawa mai unguwar Bagalam ko Sura Bildi ya fi takarda sanin gidajen da suka ƙaru.

Jama'ar ma ba a zaune suke ba. Bayan girbi samarin ƙauyukan Dakwaro, Mayahi da Tasawa suna tafiya cin rani, wasu cikin birni, wasu Najeriya ko arewa. Aikin da aka yi a ƙauye a watan Maris yakan tarar da dattawa da mata da yara, samarin da aka zo dominsu sun yi nisa. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina ba ta rabuwa da masu kai da komo, kuma tun 2019 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun shigo yankunan Gidan Rumji da Madarunfa, mutanen da ƙidayar 2012 ba ta san da su ba.

Idan aikin na masu shan ne kansu, abin ya ƙara wuya, don ba wanda ke da rajistar masu shan tramol, wiwi, diyazefam ko sholisho. Binciken da Najeriya ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, mai ɗauke da alƙaluman 2017, ya samu mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 da suka sha wani abu a shekarar, wato kashi 14.4 cikin ɗari, kuma miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe zafi irin su tramol da kodin suka sha ba bisa ƙa'ida ba. Kusanci da Katsina kan sa a yi kwaɗayin ɗora wannan kaso a kan Maraɗi, amma doka da farashi da hanyar samun kaya ba ɗaya ba ne. Kamen da OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin ƙwayoyi ta Nijar, ke yi ma ba ma'auni ba ne: yana nuna ƙwazon jami'ai da kayan da ke ratsa ƙasa, ba yawan masu sha a gari ba.

Akwai dabarar da aka aro daga masu ƙirga kifi a ruwa. A ɗauka, a misali, wata ƙungiya ta yi hulɗa da masu sha 200, asibiti ya ga 150, aka tarar mutum 30 suna cikin jerin biyu. Sai a ninka 200 da 150 a raba da 30, a samu kimanin 1,000. Idan haka ne, ƙungiyar ta kai ga kashi 20 cikin ɗari. Sharaɗin shi ne jerin biyu kada su dogara da juna. In ƙungiyar ce ke tura mutane asibitin, haɗuwar za ta yi yawa, jimillar ta fito ƙarama. Wata hanyar, wadda Douglas Heckathorn ya tsara a 1997, ita ce a ba mai sha 'yan takardun gayyata ya miƙa wa abokansa, su ma su miƙa gaba, har a shiga lungunan da baƙo ba zai iya shiga ba.

Lambar sama

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙirga kawuna a madadin mutane. Mai faɗakarwa ya je fada ɗaya sau huɗu, kowane zuwa ya tarar da samari 15 a gindin butar shayi, sai rahoto ya ce an kai ga mutum 60. Wataƙila 20 ne, tun da fada zaman mutanenta ne na kullum. Haka taron 26 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1987 don yaƙi da ƙwayoyi: fili kan cika, amma fuskokin bara ne suka dawo, jami'ai da 'yan ƙungiyoyi da ɗaliban da aka kwaso daga lakwal. Inda ake ba da kuɗin mota kuwa, takardar sa hannu takan fi kujerun da aka zauna tsawo.

Maganin maimaici shi ne kowane mutum ya samu alama guda da za a gane shi da ita duk inda ya sake zuwa. Suna ba ya yi. Sani da Ibrahim da Abdu sun yi yawa, kuma dokar Nijar mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumba 1999 ta haramta sha kamar yadda ta haramta fatauci, saboda haka littafi mai sunayen 'yan ƙwaya abin tsoro ne ga wanda aka rubuta, in ya faɗa hannun da bai dace ba kuma sai ya zama sheda. Abin da aka saba yi shi ne a haɗa lambar sirri daga haruffan farko na sunan mutum da na mahaifiyarsa da shekarar haihuwa. A nan ma akwai ƙaiƙayi, don da yawa ba su riƙe shekarar haihuwarsu ba, kuma Bahaushe ba ya sakin sunan mahaifiyarsa ga baƙo cikin sauƙi.

Sai abin da rahotanni ke kira waɗanda suka amfana a kaikaice. A horar da mutum 100, a ninka da bakwai a matsayin iyalan gida, a rubuta 700. Wannan zato ne cewa kowa ya koma gida ya ba da labari, kuma an saurare shi. Ba laifi a rubuta shi, in dai an ware shi daban ba a tara shi da na farko ba.

Rediyo, huɗubar Juma'a da saƙon murya na WhatsApp su ne suka fi kaiwa nesa, su ne kuma suka fi wuyar aunawa. Yawan mutanen da ke inda tasha ke kamawa ba shi ne yawan masu saurare ba. Hanyar da ake bi ita ce a zaɓi gidaje ta ƙuri'a a tambayi abin da mutum ya ji, a bar shi ya faɗa da bakinsa kafin a tuna masa. Masu bincike kan saka wani saƙon da ba a taɓa watsawa ba cikin tambayoyin. Yawan masu cewa sun ji shi yana nuna yawan masu amsa "e" don kara, abin da ba ƙarami ba ne a inda kunyar baƙo ke da ƙarfi.

Makaranta ta fi ko'ina daɗin ƙirga, akwai rajista, akwai aji. Sai dai a nan tambayar Glasgow ke dawowa. Ɗan kabu-kabu, ɗan dako a babbar kasuwa, mai aikin gona da ke haɗiyar tramol don ya jure rana, da almajiri, ba ɗayansu da ke cikin aji. Matar aure da ke cikin gida ba ta fada, ba ta taron fili, kuma abin kunya ya fi rufe nata shan. Aiki zai iya kaiwa ga kashi 80 na ɗalibai ya kasa taɓa kashi 5 na waɗanda suka fi shiga haɗari. Don haka ake rarraba lamba bisa jinsi, shekaru, unguwa da kasancewa a makaranta ko a waje.

Akwai kuma batun sau nawa. Shirin Unplugged na rigakafin shaye-shaye a makarantu, wanda aka tsara a Turai aka kuma gwada a Najeriya, darasi 12 ne. Yaron da ya halarci biyu an taɓa shi, amma bai samu shirin ba, kuma rahoto mai kyau yana raba su.

Isa da tasiri

Isa ba ta nufin aiki ya ci. Shirin D.A.R.E. na faɗakar da ɗalibai kan ƙwayoyi da aka fara a Los Anjalis a 1983 ya shiga mafi yawan gundumomin makarantun Amurka, amma bincike bayan bincike ya nuna tsohon tsarinsa bai rage shan ƙwaya yadda za a gani ba. Gangamin kafofin yaɗa labarai da gwamnatin ƙasar ta fara a 1998 ya ci kusan dala biliyan ɗaya, yawancin matasa sun ga tallan, masu tantancewa kuma ba su samu raguwar shan wiwi ba. Ƙa'idojin rigakafi da UNODC ta fitar a 2013, ta sabunta tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018, sun sa tsoratarwa da bayanin illa zalla cikin hanyoyin da ba su nuna amfani ba, suka fifita koyar da iyaye tarbiyya da koyar da yara dabarun zaman duniya. Abin lura, hanyoyin da ke tara jama'a da yawa a rana ɗaya su ne galibi masu raunin sheda.

Ayisland ta bi wata hanya: tun ƙarshen shekarun 1990 take tambayar ɗalibai a kai a kai ba tare da suna ba, ta mayar wa kowace unguwa sakamakonta. Kason 'yan shekara 15 zuwa 16 da suka bugu da giya a watan da ya gabaci tambayar ya sauka daga 42 cikin ɗari a 1998 zuwa 5 a 2016. Tsarin ya yiwu ne don kusan duk yaran ƙasar suna aji kuma suna karatu da kansu. A Maraɗi sai an bi gida-gida da fada-fada da tasha, kuma wanda bai iya karatu ba sai an karanta masa, sirri ya tafi ke nan. Dabarar da masu bincike ke amfani da ita a irin wannan hali ita ce a naɗi tambayoyin da murya, mai amsa ya saurara ta abin kunne, ya danna launi ko hoto a allon waya, mai tambaya na zaune gefe bai ga abin da ya danna ba.