Tazara da Tsawon Lokacin Tafiya ta Sama Tsakanin Kano da Maiduguri

Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, mai lambar KAN, da na Maiduguri, mai lambar MIU, wanda aka sanya wa sunan Muhammadu Buhari a 2023, suna kusan layi ɗaya daga yamma zuwa gabas, domin dukansu suna dab da digiri 12 a arewacin tsakiyar duniya. Tazarar da ke tsakaninsu a miƙe ta kusa kilomita 500, wato kimanin mil 270 na ruwa, ma'aunin da matuƙan jirgi ke aiki da shi. Ta mota kuwa, hanyar da ta bi Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu ta haura kilomita 550, kuma tana cinye kusan yini guda idan aka haɗa da tsayawa a shingayen bincike.

Jirgi mai injin jet yana gudun kusan kilomita 800 a awa idan ya daidaita a sama, amma a gajeriyar tafiya irin wannan ba ya jimawa a kan wannan gudun, saboda hawa da saukowa ne ke ɗaukar kaso mai yawa na lokacin. Shi ya sa tafiyar ke kai minti 50 zuwa awa guda. Jirgi mai farfela, irin ATR 72, yakan yi kimanin awa ɗaya da kwata. Lokacin da ake rubutawa a tikiti ya fi waɗannan, domin ana ƙidaya shi tun daga janye jirgi daga inda ya tsaya har ya kashe inji a ɗaya filin.

Sai dai lissafin taswira ba shi ne abin da matafiyi yake fuskanta ba. Sau da yawa wanda zai tashi daga Kano zuwa Maiduguri sai ya fara sauka Abuja, kilomita kusan 365 kudu, sannan ya hau wani jirgin ya yi sama da kilomita 700 zuwa arewa maso gabas. Jimillar ta haura kilomita 1,000, ninkin tazarar asali, ga kuma zaman jira a tsakani. Wannan babban rashi ne ga biranen da kasuwanci da karatu da aure suka daɗe da haɗawa.

Hunturu ma yana da nasa tasiri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na kwaso ƙura daga kwarin Bodele a Chadi, hazo ya rufe sararin sama har fitilun titin jirgi su dusashe, sai a jinkirta tashi ko a karkata jirgi wani filin.

A 1925 jiragen sojan sama na Ingila guda uku suka taso daga Masar, suka ratso Sudan da Chadi, suka bi ta Maiduguri har Kano, tafiyar da ake ƙirgawa a matsayin farkon zuwan jirgin sama Najeriya.