Waiwaye: yadda ajiye tururuwar ƙetare a jami'o'in Amurka ya zama sai da izini

Ɗalibin jami'a a Amurka da ke son ajiye gidan tururuwar Indiya ko ta Barazil domin bincike ba zai sa a aiko masa kawai ya zuba a roba ba. Sai malamin da ke duba aikinsa ya nemi takardar izini mai lamba PPQ 526 daga APHIS, reshen Ma'aikatar Noma da ke kula da lafiyar dabbobi da tsirrai. Hukumar noma ta jihar da za a kai tururuwar ita ma sai ta sa baki, kuma sau da yawa jami'i kan zo ya duba ɗakin kafin a amince. Wanda bai san tarihin ba zai ce tsanani ne a kan ƙwaron da ɗan yatsa ke murtsukewa. Amma kowane sharaɗi a takardar nan akwai ɓarnar da ta haife shi.

Ɓarna ta farko ba ta tururuwa ba ce. Wajen 1869 wani Bafaranshe, Léopold Trouvelot, yana kiwon wata tsutsa da ya kawo daga Turai a gidansa da ke Medford, jihar Massachusetts, da fatan samun siliki. Wasu suka kuɓuce masa. Bayan shekara ashirin sun cinye ganyen itatuwan garin, har yau kuma dazuzzukan gabashin Amurka ba su huta ba. A Barazil ma haka ta faru: masani Warwick Kerr ya kawo ƙudan zuma daga Afirka a 1956 domin inganta na gida, a 1957 sarauniya 26 suka fice da rundunarsu, zuwa 1990 zuriyarsu ta isa Texas. Duka biyun da kyakkyawar niyya aka fara.

Ita tururuwa ta jirgin ruwa ta bi. Ta Ajantina an fara ganinta a New Orleans a 1891. Jar tururuwar wuta ta Kudancin Amurka, mai harbin da ke barin ƙurji, ta sauka a tashar jirage ta Mobile, jihar Alabama, wajen shekarun 1930, ana kyautata zaton a cikin ƙasar da ake lodawa jirgi don daidaita nauyinsa. A 1942 wani yaro ɗan shekara 13 ya ga tudun gidanta a filin da ke kusa da gidansu. Yaron nan shi ne Edward O. Wilson, wanda daga baya ya zama babban masanin tururuwa a Jami'ar Harvard.

Abin da gwamnati ta yi a kai ya fi komai ban takaici. Daga 1957 aka shiga watsa magunguna masu ƙarfi, heptachlor da dieldrin, daga jirgin sama a kan gonaki da makiyaya. Tsuntsaye da kifi da dabbobin gida suka yi ta mutuwa, abin da marubuciya Rachel Carson, masaniyar halittu, ta caccaka a littafinta na 1962. Aka koma wani magani, mirex, shi ma aka haramta shi a 1978. Tururuwar kuwa sai ƙara yaɗuwa take yi, don maganin ya kashe 'yan gida da ke tare mata hanya. Ba banza ba masanin da ya raɗa mata suna a 1972 ya kira ta invicta, wato wadda ba a cin galaba a kanta. A wannan zamanin ne aka yi dokar ƙwarin amfanin gona ta 1957, aka kuma kafa killace ta tarayya a 1958 kan fitar da ƙasa, ciyawa da shuke-shuke daga yankunan da ta mamaye. Dokar kare tsirrai ta 2000 ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda, ita ce kuma APHIS ke aiki da ita yau.

Jigon dokar duka sarauniya ce, wato uwar gidan tururuwa da ke yin ƙwai. Ma'aikata ko dubu nawa suka ɓace, a yawancin nau'o'i za su mutu ba tare da barin baya ba. Sarauniya guda mai ɗauke da iri kuwa gari ce sukutum. Shi ya sa akwatin tururuwa na yara da Milton Levine ya fara sayarwa a 1956 ma'aikata kawai ake aikawa da shi. Mai bincike kuwa in babu sarauniya babu aiki, don haka aka ɗora masa sharuɗɗa. A ɗakin da aka amince da shi za ka tarar an shafe bangon kowace roba da Fluon, wani sinadari mai santsi, ko hoda, tururuwa ta hau ta zame ta faɗo. An toshe magudanar ruwa da kafofin iska da raga, ga tarkon gam a bakin ƙofa. Sharar ɗakin, har ƙasa da ragowar abinci, sai an daskarar ko an turara da zafi kafin a zubar. Ba a ba wani ɗakin bincike kyauta sai shi ma yana da tasa takardar.

Dole a faɗi gaskiya: mafi yawan mamayar tururuwa ta kwantena da tukwanen shuka take zuwa, ba ta jami'a ba. Haka jar tururuwar ta ɓulla a Brisbane ta Ostareliya a 2001, a tashar Kobe ta Japan a 2017, sannan a 2023 aka ba da rahoton gidaje 88 kusa da Siracusa a tsibirin Sisili. Don haka ina fahimtar ƙorafin malamin da ke jiran takarda wata da watanni alhali kaya na shiga tashar jirage dare da rana. Duk da haka ina bayan dokar. Mai bincike shi kaɗai ne ke kawo sarauniya da gangan, ya ciyar da ita, ya tsare ta daga sanyi har ta hayayyafa. Kuma hani ɗungurungum zai zama asara: a ɗakin Harvard ne Wilson ya murje wata 'yar jaka daga cikin tururuwar wuta a kan tsinke, ya ja layi, ma'aikata suka yi dafifi suna bin sa, aka gane da ƙamshi suke nuna wa juna hanya. Da gidajen da aka killace ne kuma aka gwada ƙudajen da ke cire mata kai kafin a sake su a Florida a 1997. Tarayyar Turai ma da ta sa tururuwar wuta a jerin haramtattu a 2022 ta bar ƙofar izini ga bincike.

Yanzu wata tambayar ta taso, ta ƙasar da aka ɗauko tururuwar. Yarjejeniyar Nagoya, da ta fara aiki a 2014, ta ce sai da yardar ƙasa za a ɗauki halittunta, a kuma raba amfanin da ita. Amurka ba ta ciki, amma masaninta da ya je Kenya dokar Kenya ce a kansa. A Afrilun 2025 aka kama wasu matasa biyu 'yan Beljiyam a Naivasha da sarauniyoyi kusan 5,000 cushe a ƙananan bututu, don kasuwar masu kiwon sha'awa. Kotu ta ci kowannensu tarar shilin miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara guda. Takardar shiga Amurka ba ta wadatar ba ke nan. Mai bincike na buƙatar ta fita daga ƙasar asali tun kafin ya tona rami.