Kumburin ido da ciwon muƙamuƙi a kifin ado: a fara duba ruwa

Kifayen da ake kira sikilid, wato dangin karfasa, irin su oska da kifayen Tafkin Malawi masu launin shuɗi da rawaya, suna da juriya ƙwarai. Amma idan wani abu ya lalace a akwatin gilashin da suke ciki, ido da baki ne ke fara nunawa. Mutane da yawa na garzayawa kyamis su sayo kafso su farfasa a ruwa, alhali mafi yawan lokuta ruwan ne tushen matsalar.

Da an ga ido ya turo waje, tambaya ta farko ita ce: ɗaya ne ko duka biyu? Idan ɗaya ne, yawanci rauni ne. Ko kifin ya bugu da dutse mai kaifi, ko ɗan uwansa ya cije shi. Irin wannan yakan warke da kansa cikin makonni idan ruwa na da tsabta. Idan kuwa duka biyu ne, matsalar daga cikin jiki take. Ruwa na taruwa a bayan idon saboda ƙwayoyin cuta sun shiga jini, ko kuma ƙoda ta gaza. In ciki ma ya kumbura, ɓawon jikin ya mimmiƙe, to ciwon ya yi nisa.

Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, wadda guba ce ga kifi, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a matatar ruwa su juya ta zuwa naitirait, sannan naitiret. A sayi kayan gwajin ruwa na ɗigo don auna su. Amoniya da naitirait dole su nuna sifili, naitiret kada ta wuce miligiram 40 a lita. A canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan duk mako, ana zuƙe dattin ƙasa da tiyo. Soson matata a wanke shi da ruwan da aka kwashe daga akwatin, domin ruwan famfo mai kulorin yana kashe waɗancan ƙwayoyin. Ɗauke wuta ma haka take yi: matata ta tsaya sa'o'i masu yawa, ƙwayoyin su rasa iska su mutu, amoniya ta tashi. Ranar da ba wuta a dakatar da abinci, kuma ƙaramin famfon iska mai batir ya cancanci kuɗinsa.

Yanayin Zariya na da nasa tasirin. A zafin Maris zuwa Mayu ruwa na iya haura digiri 30, lokacin da ƙwayoyin cutar da ake kira Streptococcus ke samun ƙarfi a jikin dangin karfasa. Ido ya kumbura ya yi hazo, kifi ya riƙa juyawa yana iyo ba kan gado. A hunturu kuma sanyin dare na raunana garkuwar jiki. A riƙe ruwan tsakanin digiri 24 zuwa 28, a kuma kawar da akwatin daga tagar da rana ke bugawa.

Akwai kuma ruwan burtsatse da aka zuba kai tsaye, wanda kan zo cike da iskar da ta narke a ciki fiye da kima. Ƙananan kumfa sai su fito a ido da fata. A tara ruwan a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ana busa masa iska kafin a zuba.

Batun baki kuwa, ba kowane kumburi ne cuta ba. Macen karfasa da na yawancin kifayen Malawi a baki suke riƙe ƙwai. Ƙasan haɓarta zai cika, ta daina cin abinci, na Malawi har kusan mako uku. A ƙyale ta kawai. Maza kuma suna faɗan wuri ta hanyar kama leɓen juna suna ja, abin da kan yayyaga leɓe ko ya goce muƙamuƙi, baki ya tsaya a buɗe. Sikilid na son tonon ƙasa da baki, don haka tsakuwa na iya maƙale masa. A haska da tocila a duba. Yashi mai laushi ya fi tsakuwa, kuma duwatsun da ke raba wurin zama suna rage faɗa.

Idan farin abu kamar auduga ya bayyana a leɓe yana cin naman, wannan ƙwayar cuta ce da ake kira Flavobacterium columnare, mai saurin kisa a ruwa mai ɗumi, don haka kada a ƙara zafin ruwa. Ramuka a kai, musamman na oska, suna tafiya tare da ƙazamin ruwa, ƙarancin abinci mai gina jiki da ƙwayar Hexamita. Karkataccen baki a ƙananan kifi kan biyo bayan rashin bitamin C, wanda ke lalacewa idan abinci ya daɗe a wuri mai zafi. A sayi kaɗan kaɗan, a rufe shi a wuri mai sanyi.

Kifin da ya kamu a ware shi a wani akwati mai iska. Cokalin shayi ɗaya na gishirin Epsom (wani gishirin magani ne, ba na girki ba) a lita 20 yana taimakawa wajen sauke kumburi, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Idan kwana uku sun wuce ba sauƙi, ko kifi sun fara mutuwa, a nemi likitan dabbobi, misali a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, shi zai zaɓi magani da adadinsa. Sabon kifi ya yi mako uku zuwa huɗu shi kaɗai kafin a haɗa shi da sauran.

Wasu daga cikin ƙwayoyin cutar kifi, kamar Streptococcus iniae da Mycobacterium marinum, suna shiga jikin mutum ta yanka ko ƙujewa a fata. Mai rauni a hannu ya sa safar roba kafin ya taɓa ruwan, a wanke hannu da sabulu bayan aiki, mataccen kifi kuma a binne shi, kada a jefa a kwata ko a bai wa kyanwa.